Ruwa A Cikin Man Tarakta Shi Ke Hana Garma Tashi

Da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, ƙarar da masu ƙananan taraktoci suka fi kai wa makanikai ita ce garma ta ƙi tashi, ko kuwa tana tashi da kyarma. Sau da yawa makaniki yakan ce famfo ne ya mutu, a sayo sabo. Alhali kuwa in an zaro sandar awon mai za a tarar man ya yi fari kamar shayi da madara. Ruwa ne ya shiga.

Tun 1946 da aka fara ƙera ƙaramar tarakta ta Ferguson a Ingila, har zuwa Massey Ferguson 135 da ta fito a 1964, wadda har yanzu ake samunta tana aiki a gonakin Arewa, tsarin ɗaya ne: mai guda ne ke yi wa giya da ƙafar baya da famfon haidirolik aiki. A tsohuwar Ferguson man nan ya kai galan 5, watau wajen lita 23. Famfon kuwa a can ƙasa yake zaune cikin man. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka in tarakta ta kwana sai ya kwanta daidai inda famfo yake zuƙa. Ruwa ba ya da santsi. Ƙarafa su riƙa cin juna, bawul ɗin da ke ɗaga garma ya yi tsatsa ya cije, haƙoran giya su yi zanzana. Mai tarakta yana ganin garma kaɗai ke wahala, bai san giya ma tana ciwo ba.

Babbar ƙofar ruwa ita ce robar da ke gindin sandar giya. Rana takan cinye ta ta tsage, ruwan sama ya bi sandar ya gangara ciki. Akwai wata robar kuma a bayan kujerar direba, inda ake ɗaura sandar sama ta garma. Direban da yake kai tarakta rafi ya wanke ta, ko mai kutsawa fadama har ruwa ya kai gindin giya, shi ma yana ɗura mata. Ko da ba a yi ruwan sama ba, ƙarfen da ya yi zafi da rana in ya huce da dare yakan yi raɓa daga ciki.

Akwai kuma wanda ya shafi 'yan kasuwa da akawun sito. Duron mai in an tsai da shi a fili, ruwa yakan taru a kansa. Da rana iskar ciki ta kumbura ta fita, da dare ta janye, ta jawo ruwan nan ta bakin murfi ko da an ɗaure shi tam. Sai manomi ya sayi mai da kuɗinsa, ruwa na ciki. Duro a kwance ake ajiye shi, a inuwa.

Gane shi ba wuya. A bar tarakta ta kwana, da safe kafin a tashe ta a ɗan sassauta notin zubar da mai na ƙasa. In akwai ruwa shi zai fara ɗigowa. Ko kuwa a ɗiga man a kan murfin gwangwani mai zafi: mai tsabta hayaƙi kawai zai yi, mai ruwa kuwa sai ya yi ta tartsatsi kamar an jefa ɗanyen ƙosai a kasko.

In ruwan kaɗan ne, man bai canza kama ba, a bari ya ɗige har mai tsantsa ya biyo, a ɗaure. In man ya riga ya yi fari, babu sauran dabara sai zubarwa. Wasu sukan ce a yi ta aiki da ita zafi zai ƙone ruwan. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, man giya kuwa ba safai yake kusantar haka ba, kafin ya bushe famfo ya gama lalacewa.

A yi ɗan aiki da ita man ya yi ɗumi, a tsai da ita a wuri mai baje, a sauke garma ƙasa, a bar sandar ɗagawa a ƙasa domin man da ke cikin silinda ya fito. Notin zubarwa biyu ne ko uku, gwargwadon irin tarakta. Lalle a kwance su duka, gama ɗakunan ciki ba su tsiyayewa ta rami guda, kuma nan ne galibi ake yin sakaci. In akwai rariya a jikin famfo a wanke ta, in akwai filta a sake sabo. Sa'an nan a zuba irin man da littafin tarakta ya ambata, a ɗaga garma a sauke sau da dama, a yi aikin awa ɗaya ko biyu, a duba. In ya sake yin fari a sake zubarwa. Man galan 5 sau biyu da ciwo a aljihu, amma bai kai kuɗin famfo da kwanakin da tarakta za ta yi a gareji ana tsakiyar huɗa ba.

Wasu makanikai sukan wanke ciki da kananzir ko man gas. Yana fid da dauɗa, amma in an yi, kada a ɗora wa tarakta kaya, kuma a bari ya tsiyaye sarai, domin ragowarsa na tsinka sabon mai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma tana sama lokacin gwaji.

Kafin a zuba sabon mai a sake robobin nan biyu, in ba haka ba ruwan mako guda zai mai da aiki baya. Wanda ba shi da rumfa ya rufe kujera da sandar giya da tamfol. Tsohon man a tara a duro a rufe, nesa da rijiya da mashayar dabbobi.