Zanen da Ake Sassaƙawa Kafin a Buga

Yau daga Wudil shirin namu yake zuwa muku, kuma batunmu ɗalibin zane ne da ya ajiye fensir ya ɗauki wuƙar sassaƙa.

Abin da yake sassaƙawa shi ne lino, ledar shimfiɗar ɗaki mai kauri wadda Bature Frederick Walton ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1860. Ɗalibi zai zana hoto a kanta, ya ƙwaƙule duk inda yake son ya fito fari, ya shafa tawada a kan abin da ya rage, ya ɗora takarda, ya goga da bayan cokali. Da ya ɗaga takardar, hoto ya fito. Gobe ma zai iya buga wani daga wannan leda.

Wahalar tana wuri biyu. Hoton a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Sannan abin da wuƙa ta cire ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimin roba, ya ga yadda yake rubuta suna a baibai da reza, ya san wannan aiki. A ganina, ya kamata ɗalibin da ke Wudil ya fara zama kusa da irin wannan mai sana'a, da masu zanen ƙwarya, kafin ya buɗe littafi. Hannunsu ya riga ya san inda wuƙa take zamewa.

Sana'ar tana da tarihi a ƙasar Hausa. A 1957 mai zane Bruce Onobrakpeya ya shiga kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 shi da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya, suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Onobrakpeya ya yi suna a bugun lino, har ya ƙi zubar da ledojin da ya gama bugu da su. Ya shafa musu launin tagulla, suka zama abin ratayewa a bango.

Abin zanawa kuwa, Wudil ba ta rasa ba: ƙahonnin shanu a kara ranar Juma'a, kwalekwalen masunta a ƙarƙashin gada, masu ɗibar yashi a bakin kogi. Lino na son irin wannan, baƙi da fari, layi mai ƙarfi.

Ga masu son gwadawa: da hunturu ledar takan yi tauri, sai a shanya ta a rana ta yi laushi kafin a sa mata wuƙa. Hannun da ke riƙe da ita kuma a bayan wuƙa yake zama, ba a gabanta ba.