Gargaɗi ga Iyayen Zangon Wagadugu: Kada a Tura Yaro Karatun Likita da Ka

Jama'ar Zango, iyaye maza da mata, da yayye da kawunnai masu ɗaukar nauyin karatun yara, wannan magana taku ce, kuma ba ta jiran gobe. Da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito aka buɗe shafin Campus Faso, kwanakin zaɓen fanni ƙidayayyu ne. A cikin 'yan kwanakin nan ake yanke hukuncin da zai ɗaure yaro shekara bakwai ko takwas, ya ɗaure aljihun gida tare da shi. A cikinsu ne kuma dillalan karatu ke yawo ƙofa-ƙofa da alkawarin gurbi a ƙasar waje. Don girman Allah, kada kowa ya sa a rubuta wa ɗansa ko 'yarsa karatun likita, kada kuma ya miƙa wa wani ko dala, sai ya zauna ya auna ko yaron nan ya shirya.

Ba na raina burin kowa. Tun da aka rushe unguwar Zangouettin a 2003 saboda aikin sabunta tsakiyar birni na ZACA, aka watsa gidajen da suka zauna wuri guda tun kaka da kakanni, wasu gefen Ouaga 2000, wasu can bakin gari, iyaye da yawa suka ƙudurta cewa 'ya'yansu sai sun riƙe abin da ba a rushewa. 'Ya'yan fatake da mahauta da masu sayar da goro suka cika makarantun sakandare, kuma abin alfahari ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban likita yana neman mai yi masa tafinta don ya faɗi ciwon tsohuwarsa, ya san amfanin a ce namu na cikin farar riga. Muna buƙatar likitoci ƙwarai. Saboda wannan buƙata ce ma ya zama dole mu daina ƙona yaranmu a hanyar da ba su shirya mata ba.

A fara da takardar maki, a karanta ta layi-layi. Cin bak daban, cancantar karatun likita daban. Ƙofar ta masu bak C da D ce, kuma guraben da ke Jami'ar Joseph Ki-Zerbo a nan Wagadugu, da Jami'ar Nazi Boni a Bobo-Dioulasso, da ta Ouahigouya, ba su kai ko kusa da yawan masu nema ba. Da maki ake tacewa. Yaron da ya tsallake da 10 cikin 20, ko wanda sai a zagaye na biyu ya samu, ya ci jarrabawa, a yi masa barka, amma a gaya masa gaskiya cewa yana gogayya da masu 14 da 16. Kuma jimillar maki tana rufe asiri: yaro kan haye da taimakon tarihi ko falsafa alhali ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da lissafi suna ƙasa. Waɗannan ukun su ne ginshiƙin shekarun farko. A ɗauki takardar a kai wa malamin da ya koyar da shi a ajin ƙarshe, a ce: "Malam, tsakaninka da Allah, zai iya?" Malamai sun san ɗalibansu, sai dai ba a cika tambayarsu ba.

Sai Faransanci, wanda mu musamman yake ci mana tuwo a ƙwarya. Yaranmu da dama ta makarantun Faransanci da Larabci suka biyo, sun iya hadda, suna da natsuwa, kuma hadda babban jari ce ga mai karatun sassan jikin mutum. Amma har gobe da Faransanci ake koyar da likitanci a ƙasar nan, duk da an ɗaga darajar harsunan gida a tsarin mulki. Malami zai yi ta zuba a babban ɗaki cike da ɗalibai, babu mai maimaita maka. A gwada yaro a gida: ya karanta shafi biyu na littafin kimiyya, ya rufe, ya rubuta abin da ya gane. In abin ya gagara, gara a ba shi lokaci ya gyara harshensa kafin ya shiga. Haka kuma wanda bai jin yaren Mosi ya fara koyo tun yanzu, don yawancin marasa lafiyar da zai tarar a asibitin Yalgado Ouédraogo da shi za su yi masa kuka.

Abin da ya fi damuna ba a rubuta shi a takardar maki. Wane ne ke son karatun nan, yaron ko mahaifinsa? Mu mutane ne masu kunya, kuma mun yi wa 'ya'yanmu tarbiyyar da ba sa musu da babba. Alhaji zai kira ɗansa bayan sallar isha'i ya ce, "Ina so ka zama likita." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, duk yadda ka ce." Alhaji ya tashi da murna, ya ɗauka an yi shawara, alhali umarni ya bayar aka karɓa. Yaron da ke sha'awar injiniya ko kasuwanci ko koyarwa ba zai taɓa faɗa a gaban mahaifinsa ba. Zai faɗa wa gwaggonsa, ko kawunsa da suke raha, ko kakarsa. A tura waɗannan su bincika a asirce, a kuma yarda da amsar da suka kawo ko ba ta yi daɗi ba. Wanda aka tura da ƙarfi yakan jure shekara ɗaya ko biyu, ya faɗi, ya maimaita aji, ya ɓoye wa gida, kullum ya fita da jaka kamar mai zuwa aji. Ranar da asiri ya tonu, shekaru sun tafi, kuɗi sun tafi, kuma abin da ya fi zafi, yaro ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya kunyata gidansu, alhali ba shi ya zaɓi hanyar ba.

Ko yaron ne da bakinsa ya ce yana so, a bincika me yake so: aikin, ko a kira shi dakta? Gwajin yana da sauƙi. In wani a dangi ya kwanta asibiti, a sa shi cikin masu jinya, ya kwana, ya ɗauke fo, ya ji warin gyambo, ya ga uwa ta rasa ɗa da tsakar dare. Ko a nemi izinin shugaban ƙaramin asibitin unguwa, CSPS, ya zauna ya ga layin masu zazzaɓin cizon sauro da damina. Wanda ya ga yadda asibitocin Wagadugu da Bobo suka cika a annobar zazzaɓin dengi ta 2023, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane, ya san abin da ake nufi da aikin likita a ƙasar nan. Ɗalibi zai yi kwanan aiki a Yalgado, da asibitin yara na Charles de Gaulle, da Bogodogo, da Tengandogo tun bai gama karatu ba. In ya gama kuma, ba lallai a bar shi a birni ba, ƙasa tana cikin halin rashin tsaron da kowa ya sani, kuma inda aka fi buƙatar likita ba shi ne inda ya fi kwanciyar hankali ba. Yaron da ya dawo daga jinya yana ta tambayoyi, me ya sa aka ba da wannan magani, me ya sa aka ƙara ruwa, wannan a riƙe shi da kyau. Wanda ya dawo ya kasa cin abinci kwana biyu, ba laifi ya yi ba, amma a saurare shi.

'Ya'ya mata na da tasu magana, kuma a yi ta yau. Muna matuƙar buƙatar likitoci mata, ko don matanmu da ke ɓoye ciwo saboda kunyar namiji. Amma yarinyar da ta shiga tana da shekara 18 ko 19 za ta fito tana kusa da 27. In gida na da niyyar aurar da ita a tsakani, a yi sharaɗi da mijin da danginsa a gaban shaidu cewa za ta ci gaba, har da kwanan asibiti. Cire ta a shekara ta huɗu zalunci ne gare ta da kuma wanda ta hana gurbi.

Lissafin kuɗi a yi shi na shekarun duka, a ƙara ɗaya ko biyu a kai, don jami'o'in gwamnati sun sha fama da jinkirin shekarar karatu. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati ba shi ne nauyin ba. Nauyin yana wurin babur da mai, da kwafin darussa, da littattafai, da abinci, da kuma hannun yaron da shago ya rasa tsawon wannan lokaci. Akwai tallafin karatu na gwamnati, akwai agaji da rance, a nema, amma kada a gina gida a kansu kafin su zo hannu. Mai tunanin makarantar kuɗi, irin Jami'ar Saint Thomas d'Aquin da ke Saaba, ya je da ƙafarsa ya karɓi farashin kowace shekara a rubuce. Kada a sayar da fili a biya shekarar farko ba a san inda ta uku za ta fito ba.

Yanzu ga dillalai. Duk wanda ya zo muku da cewa yana da hanya, maki ba matsala ba ne, ku kawo kafin alƙalami kawai, ku tashi daga wurin. Makarantar likita da ba ta damu da maki ba, kuɗinku take so. Mun ga abin da ya faru kusa da mu: a ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin makonni shida, har gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun Binin da Togo a farkon 2024, masu gaskiya suka sha wahala tare da masu ƙarya. Mun ga ɗaliban likita 'yan Afirka suna gudu daga Yukren a Fabrairun 2022, mun ga 'yan'uwanmu Hausawa da aka kwaso daga Khartum bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, da yawansu karatu ya yi nisa, suka dawo suna neman inda zai karɓe su. Ba wanda ya isa ya hana ƙaddara, amma akwai tambayoyin da ake yi kafin tafiya: in an rufe makarantar, wa zai ba da takardun shekarun da aka yi? In ya gama ya dawo, ƙungiyar likitocin Burkina Faso za ta yi masa rajista ya yi aiki?

Amsar ba ta da nisa. Hukumar CAMES mai tantance takardun manyan makarantu a nan Wagadugu hedkwatarta take. Ma'aikatar ilimi mai zurfi tana nan, ofishin ƙungiyar likitoci yana nan. A je da sunan makarantar a rubuce a tambaya kafin a biya. Masu dangi a Sakkwato ko Kano ko Zariya da ke tunanin tura yaro can, su san cewa karatun da Ingilishi ne, shiga ta jarrabawar JAMB ce, kuma gurbin likita ya yi wa 'yan ƙasar ma kaɗan. Yamai da Maradi da Damagaram suna da tsangayar lafiya kuma da Faransanci suke koyarwa, amma can ma ta ofishin jami'a ake bi, ba ta hannun wani a tasha ba.

In an auna aka ga yaro bai kai ba, ba a rufe masa ƙofar asibiti ba. Makarantar ENSP tana horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, akwai fannin awon jini da na hoton ciki, kuma a ƙauyukan ƙasar nan ma'aikacin jinya ne mutane suka sani a matsayin likitansu. Waɗannan ayyuka ne masu daraja da ake shiga da wuri a fara taimakon gida.

Ranar cike Campus Faso, kada a ba yaron shagon intanet takardu a tafi kasuwa. Ɗalibin ya zauna da kansa, da wani babba mai karatu a gefensa. Kada ya zuba likitanci kaɗai ya bar sauran guraben zaɓi da abin da ya zo hannu, don wanda bai samu na farko ba, cikin sauran za a jefa shi. Ya jera fannonin da makinsa zai iya samu kuma zuciyarsa ta yarda da su, ya riƙe lambar sirrinsa shi kaɗai, ya buga takardar shaida ya kawo gida a adana.