Littafi Guda Don Gona Duka

A manyan gonaki da kamfanonin casar shinkafa akan tarar da littattafai barkatai: na ma'aji dabam, na mai tsaron sito dabam, na mai sayen shanshera dabam. Ta nan ɓarna ta ke shiga. Sai a sayar da buhu ɗari, alhali kuwa saba'in ne a sito.

Maganin wannan shi ne wata manhajar kwamfuta da a ke kira ERP, watau littafi guda wanda ya haɗa saye da sayarwa da ajiya da albashi. In mai sito ya rubuta fitar buhu goma, nan take ma'aji ya gani, mai saye kuma ya san abin da ya rage. Kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, ya shahara wajen yin irinta.

Amma fa na'ura ba ta ƙidaya buhu. Abin da aka ba ta shi ta ke riƙewa, in kuskure ne ya bazu ko'ina. Saboda haka manomin da bai saba rubuta damman da ya zuba a rumbu ba, sai ya fara da littafi da fensir tukuna.