Me Ke Tsinka Jijiyar Gwiwar 'Yan Wasa?

Ranar 12 ga Afrilu, 2000, Ronaldo, shahararren ɗan ƙwallon Birazil, ya koma fili bayan jinyar gwiwa ta kusan wata 5. Bai cika minti 10 ba ya faɗi, domin jijiyar da ta haɗa ƙoƙon gwiwarsa da ƙashin ƙwauri ta tsinke.

Wannan jijiya ita ke shan wuya idan ɗan wasa ya yi tsalle ya dira. Jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, shi ya sa ba ta saurin warkewa. Yawan tsalle kan daɓe mai tauri, da tsananta atisaye farat ɗaya, da ƙiba, da sanƙarewar tsokar cinya, da tsohon rauni, duk suna raunana ta.

Saboda haka, ɗalibin da ya koka da ciwo ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, malami ya hutar da shi.