Toka, Kanwa da Tsamiya: Kimiyyar Wanke-wanke a Cikin Gida

Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, kuma sunanta yana tunatar da sana'ar rini. Tun kafin zuwan sabulun kanti, marina sun san cewa baba ba ya kama zane sai an zuba toka a karofi. Matan gida su ma da ruwan toka suke dafa sabulun salo. Abin da suka gano ta hanyar gwaji shi ne abin da ake koyarwa a darasin kimiyyar sinadarai a yau, wato bambancin asid da alkali.

Ita kalmar alkali, wadda ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, daga Larabci aka aro ta, kuma asalin ma'anarta tokar tsirrai. A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sorensen, ya ƙirƙiro ma'aunin pH. A bisa wannan ma'auni tsantsar ruwa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 asid ne, kamar ruwan lemon tsami mai kimanin 2. Abin da ya haura 7 kuwa alkali ne, kamar ruwan kanwa da ruwan toka.

Dauɗar cikin gida iri biyu ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce maiƙo, irin wanda man gyaɗa ko manja yake bari a kwano. Maganinsa alkali. Tokar itace tana ɗauke da fotasiyam kabonet, kanwa kuma da sodiyam kabonet. Idan waɗannan suka haɗu da mai, musamman a ruwan zafi, sukan mayar da wani sashensa sabulu, sai ruwa ya tafi da shi. Bafaranshe Chevreul ne ya bayyana yadda hakan ke faruwa a shekarar 1823. Ana iya jiƙa kofi ɗaya na toka a kofi huɗu na ruwa, a bar shi ya kwana, a tace, a wanke kwanuka da shi. Amma a tabbata tokar itace ce ko ta kara, domin tokar shara mai leda da roba tana iya ƙunsar guba. Haka kuma kada a bar tukunyar alminiyam ta daɗe a ciki, saboda alkali yana cin wannan ƙarfe.

Dauɗa ta biyu ita ce tsatsa da farin ɓawon da ke kama cikin buta. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina domin yin siminti. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso kalsiyam, wanda ke kwantawa a buta idan aka tafasa shi. Toka ba ta taɓa wannan ɓawo, sai asid. A tafasa jiƙon tsamiya a cikin butar, ɓawon zai narke. Lemon tsami da ɗan gishiri kuwa suna sa tagulla ta yi ƙyalli.

Wasu kan haɗa kanwa da lemon tsami, su ga kumfa su zaci ƙarfi ya ƙaru. Kumfar iskar kabon dayoksaid ce kawai, kuma alama ce cewa asid da alkali sun kashe kaifin juna. Kuskuren da ya fi wannan haɗari shi ne zuba asid a cikin bilic, domin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Farko a shekarar 1915.

A ƙarshe, ya kamata ɗalibai su lura cewa cire dauɗa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. A lokacin annobar kwalara, bilic da aka surka da ruwa zalla ne ya dace da banɗaki, ba tsamiya ba. Malamai kuwa za su iya gwada duk waɗannan sinadarai a aji da ruwan zoɓo, wanda yakan ƙara ja a cikin asid, ya koma kore a cikin alkali.