Kalaman da ke Zubar Mana da Girma

'Yan uwa ɗalibai, mu da ke ajin ƙarshe na difloma saura mana 'yan watanni mu tsaya gaban malamai mu kare furojet, daga nan mu fita neman wurin IT na shekara guda kafin a dawo HND. A duk waɗannan wurare, bakinmu ake fara ji kafin a buɗe takardunmu. Shi ya sa na ga ya dace mu duba wasu kalamai da suka zame mana jiki, tun daga aji har teburin mai shayi a Badariya. Kalamai ne da ke sa mai sauraro ya ƙosa, ya rage mana daraja a ransa, kuma ba zai taɓa faɗa mana ba. Na kasa su gida uku.

Kashi na farko kalaman ciko ne, irin su "ka gane?", "ka fahimta ai", "wato", "kamar dai". Abin da ke jawo su shi ne tunani bai gama haɗa jimla ta gaba ba, baki kuma yana tsoron shiru, sai ya jefa abin da ya saba. Mai magana ba ya ma jin su. Mai sauraro kuwa yana ƙirgawa. In ka ce wa malamin da ya duba furojet ɗinka "ka gane?" sau goma cikin minti biyar, abin da kunnensa ke ji shi ne kana shakkar ƙwaƙwalwarsa. Maganin abin shi ne ka yi shiru na ɗan lokaci ka ja numfashi. Mutane na ɗaukar wannan shirun a matsayin natsuwa.

Kashi na biyu rantsuwa ce da alkawarin baka. Wani ko kuɗin kabu-kabu zai faɗa sai ya haɗa da "wallahi tallahi". Rantsuwa kamar Naira take, in ta yi yawa a kasuwa sai darajarta ta faɗi. Ranar da kake da gaskiya kake buƙatar a yarda da kai, sai ka tarar ba abin da ya rage maka da za ka ƙara. Ga Musulmi ma abin ya fi nan nauyi, domin aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta ɗora kaffara kan rantsuwar da aka ƙulla aka karya: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. 'Yan uwan rantsuwar su ne "ina hanya" da "ga ni nan yanzu-yanzu", alhali mutum ko wanka bai yi ba. Haka "in sha Allahu" da wasu suka mayar hanyar cewa a'a cikin ladabi. Alkawari kaya ne. Mai shagon da ke ba ka bashin taliya da shugaban aikin da za ka samu a wurin IT duk da ma'auni ɗaya suke awo: in ka ce ƙarfe takwas, ƙarfe nawa ake ganinka?

Kashi na uku ya fi sauran ciwo, domin raini ne tsagwaronsa. Ka ji ɗalibi ya ce wa dattijuwa mai sayar da abinci "ke!", ko ya ce wa maigadi sa'an ubansa "kai!", ba sallama ba gaisuwa, alhali "Inna" da "Baba" ba su cin ko kwabo. Sai "ka san ko ni wane ne?", "to sai me?", "ina ruwana". Mai faɗinsu yana jin ya nuna isa, waɗanda ke gefe kuwa tarbiyyar gidansu suke aunawa.

A nan ne kuma sunayen da muke kiran juna ke shigowa. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, masarautu huɗu ke cikinta: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. A aji ɗaya za ka tarar da Bakabe, Bafulatani, Bazabarme da ɗan Zuru, Musulmi da Kirista. Mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, kamar yadda Gbagyi suka fi son wannan suna a kan Gwari. Tambayar abokin karatu sunan da ya fi so ba ta da wahala. "Arne" da "bagidaje" kuwa zagi ne ko da dariya aka faɗe su. Kar a fake da barkwanci. Wasan Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Yarabawa yana da tarihi, kuma ɓangarorin biyu sun yarda da shi. In kai kaɗai ke dariya, ka san ka fita daga wasa.

Wani abin da nake so mu lura da shi, karin harshenmu ba ya cikin wannan lissafi. Nakan ga ɗalibi yana jin kunyar "mun ka tahi", "mi kac ce?" ko "awo" a gaban baƙi, yana ƙoƙarin juya harshe zuwa Kananci. Gaskiya ne daidaitacciyar Hausa ta rubutu ta fi jingina da karin Kano, kuma ita ta dace da takardar jarrabawa. Amma da Hausar yamma Narambaɗa da Sani Aliyu Ɗandawo suka yi waƙoƙin da har gobe ake nazari a jami'o'i. Mai cewa "awo" ya cika alkawari ya fi mai zuba Turanci yana "ina hanya".

Ga gwajin da kowa zai iya yi a daren yau. Ka buɗe WhatsApp ka saurari saƙonnin murya uku na ƙarshe da ka tura, kamar wani ne ya turo maka. Ka ƙirga "ka gane", ka ƙirga "wallahi", ka duba ko ka yi gaisuwa kafin ka faɗi buƙatarka. In abin ya ba ka kunya, ka zaɓi kalma ɗaya ka fara da ita, ka ce wa abokin ɗakinka ya riƙa yi maka tuni duk sanda ta suɓuce. Gara shi ya yi maka dariya yanzu da a yi maka ita ranar kare furojet bayan ka fita daga ɗaki.