Shin Ko Kun San? Kuregen Amurka da Ya Zama Malamin Yara

Kowace shekara, da zarar watan Janairu ya kusa ƙarewa, azuzuwan nazare da na ƙananan firamare a Amurka da Kanada kan cika da hoton wata dabba guda: gajera, mai ƙiba, mai launin ƙasa-ƙasa, haƙoranta na gaba a waje. Sunanta da Turanci groundhog, amma a nan za mu kira ta kuregen Amurka, tunda dangin kurege ce. Al'ada ta ce tana hasashen yanayi. Malamai sun san ba haka abin yake ba, sai dai sun mayar da ita hanyar koya wa yara ƙirga, awo, da auna magana kafin a yarda da ita.

DABBAR KANTA

Shin ko kun san cewa kuregen Amurka da kuregenmu na daji 'yan gida ɗaya ne a wajen masana dabbobi? Bambancin shi ne na can ƙato ne. Nauyinsa kan kama daga kilo 2 zuwa 6, tsawonsa da wutsiya ya kan haura rabin mita. Ana samunsa a gabashin Amurka, da faɗin Kanada, har zuwa Alaska.

Shin ko kun san cewa haƙoransa na gaba ba sa daina girma? Suna ƙaruwa da kusan milimita 1.5 a mako, cin abinci da gwaguya ne ke rage su. Malamai kan ba yara rula su ja layi: mako 10, santimita 1.5. Yaron da bai taɓa jin kalmar milimita ba, a nan yake fara ganin ta da idonsa.

Shin ko kun san cewa raminsa gida ne sosai, mai ɗakuna? Akwai ɗakin kwana da ya shimfiɗe da busasshiyar ciyawa, akwai wani lungu daban da ya keɓe don bayan gida. Ƙofofi kan kai 2 zuwa 5: babbar ƙofa mai tulin ƙasa a bakinta, da wasu ɓoyayyu na tsira. Zurfin ramin kan kai mita 1.5, tsawonsa kuwa mita 10 ko fiye.

Shin ko kun san cewa idan ya tashi daga rami, wasu ne ke gadon gidan? Zomaye da yanyawa da wasu ƙananan dabbobi kan tare a ciki ba tare da sun yi haƙa ba.

Shin ko kun san cewa duk da ƙibarsa yana hawa bishiya, yana kuma iyo? Idan ya hango abokin gaba, sai ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya buga wani fito mai ƙara, ya faɗa rami.

Shin ko kun san cewa manoma ba sa ga maciji da shi? Yakan ci kusan rabin kilo na ganye a rana, kuma ba ya bambanta ciyawar daji da wake ko latas ko kabejin lambu. Ramukansa kuma kan jawo wa motar noma da dabbobin gona matsala.

Shin ko kun san cewa barcinsa na hunturu ya wuce abin da muka sani da barci? Daga wajen Oktoba zuwa ƙarshen hunturu yakan toshe kansa a ƙasa, inda sanyi ba ya daskarar da ita. Zafin jikinsa ya sauko daga kusan digiri 37 zuwa wajen 5. Bugun zuciya ya ragu daga kusan 80 a minti zuwa 5. Numfashi ya koma kamar sau 2 a minti. Ba ci, ba sha. Kitsen da ya tara tun da sauran ganye shi ne guzurinsa, ya fito a rame.

Shin ko kun san cewa akwai ƙamshin gaskiya a al'adar da ke cewa yakan fito cikin Fabrairu? Binciken masanin dabbobi Stam Zervanos a Pennsylvania ya nuna cewa mazan kan farka da wuri, su zaga su gano ramukan mata, sannan su koma barci har zuwa Maris. Ashe ba sararin sama suka fito dubawa ba, neman aure ya fito da su.

Shin ko kun san cewa cikin macen wata ɗaya ne kacal? Takan haifi 'ya'ya 2 zuwa 6 a watan Afrilu ko Mayu, ba gashi, idanu a rufe. Kafin hunturu ya sake zagayowa, kowannensu ya haƙa nasa ramin.

BIKIN 2 GA FABRAIRU

Shin ko kun san abin da al'adar ke cewa? Wai idan ya leƙo ranar 2 ga Fabrairu ya ga inuwarsa, sai ya tsorata ya koma, hunturu ya ƙara mako 6. Idan gari ya yi lumshi bai ga inuwa ba, to ɗumi ya kusa.

Shin ko kun san cewa daga Jamus al'adar ta taso? Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar da Kiristocin Turai ke bikin tsarkake kyandir, kuma manoma sun daɗe suna cewa idan rana ta fito tas a wannan rana, sanyi bai gama ba. A Jamus wata dabba mai kama da dage ake dubawa. Da Jamusawa suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania, sai suka ɗora wa kuregen da suka tarar wannan aiki.

Shin ko kun san cewa hedikwatar bikin wani ƙaramin gari ne mai mutane kusan 6,000? Sunansa Punxsutawney. Jaridar garin ta fara ambaton ranar a 1886, aka fara hawa tudun Gobbler's Knob don bikin a 1887. Kuregen garin shi ake kira Phil. Tun da duhun asuba jama'a ke taruwa cikin sanyi. Wasu dattawa sanye da baƙaƙen kwat da dogayen huluna su buɗe wata 'yar ƙofa a jikin kututture, su ɗaga shi sama, shugabansu ya kara kunne wai yana jin yarensa, sannan a warware takarda a karanta hukunci.

Shin ko kun san cewa masu bikin sun dage wai Phil ɗaya ne tun ƙarni na 19? Suna cewa wani tsimi suke ba shi da ke ƙara masa shekara 7 duk kurɓi. Alhali a daji da wuya wannan dabba ta wuce shekara 6, a hannun mutane kuma takan kai 14. Kowa ya san raha ce, kuma da rahar ake yi.

Shin ko kun san cewa fim ne ya cika garin da baƙi? Bayan fitowar fim ɗin Groundhog Day na Bill Murray a 1993, masu zuwa suka koma dubun-dubata. Abin dariya, ba a garin aka ɗauki fim ɗin ba, a Woodstock ta jihar Illinois aka yi.

Shin ko kun san cewa Phil yana da masauki a jikin ɗakin karatu na garin? Yara kan leƙa shi ta gilashi. A 2024 shi da matarsa Phyllis suka sami 'ya'ya biyu, aka sa musu suna Sunny da Shadow, wato mai rana da inuwa.

Shin ko kun san cewa yana da kishiyoyi? Akwai Wiarton Willie a Ontario, da Shubenacadie Sam a Nova Scotia, da Chuck na Staten Island, wanda ya gartsa wa magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, cizo a yatsa a bikin 2009.

Shin ko kun san cewa dabbar ta yi wa ilimi aikin da ya fi hasashe? A ƙarshen shekarun 1970 aka gano tana ɗauke da wata ƙwayar cuta 'yar uwar ta ciwon hanta nau'in B, aka riƙa gwajin magunguna a kanta a Jami'ar Cornell. A 1955 kuma wani manomi, Albert Miller, ya tsinci kayan mutanen da a bakin raminta a Meadowcroft, wurin da daga baya ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin mazaunan ɗan Adam da aka sani a Arewacin Amurka.

A CIKIN AJI

Shin ko kun san cewa darasin kan fara ne da ƙuri'a? Kwana ɗaya kafin bikin, malama ta raba allo gida biyu: zai ga inuwa, ba zai gani ba. Kowane yaro ya manna takarda mai sunansa a inda ya zaɓa. Sai a ƙirga. Wane gefe ya fi yawa? Da nawa ya fi? Ɗan shekara 4 ya yi tarawa da ɗebewa, ya karanta jadawali, bai ma san lissafi yake yi ba.

Shin ko kun san cewa kofin takarda da ɗan tsinke sun isa yin kurege mai leƙe? A zana kansa, a yanke da almakashi, a manna a tsinke, a zura ta gindin kofi. A tura ya leƙo, a ja ya ɓuya. Yanka da mannawa na ƙarfafa yatsun da gobe za su riƙe fensir, kuma da wasan ake koyon ciki da waje, sama da ƙasa.

Shin ko kun san cewa darasin inuwa shi ne zuciyar abin? A fita fili da alli, yara biyu-biyu. Ɗaya ya tsaya, a zagaye tafin ƙafarsa, ɗayan ya bi gefen inuwarsa da alli. A dawo da tsakar rana, ya sa ƙafa a daidai wurin, a sake zanawa da wani launi. Sai ka ji ihu: "Malama, tawa ta gajarce!" "Tawa ta juya!" Malama ba ta ba da amsa, tambaya take yi: ina rana take ɗazu, ina take yanzu? Idan an koma aji a rufe taga, a haska tocila a kan kuregen takarda. A matso da ita, inuwa ta girma. A ja baya, ta ƙanƙance. A kashe, ta ɓace.

Shin ko kun san cewa inuwar yaro a can da ta yaro a nan ba ɗaya ba ce? Da tsakar ranar 2 ga Fabrairu, inuwar yaro a Pennsylvania ta fi tsawonsa da kusan rabi, domin rana na can ƙasa-ƙasa. A Kano kuwa, a rana guda, inuwar ba ta wuce rabin tsawonsa da kaɗan ba. Kuma auna inuwa ba baƙo ba ne a wajenmu: da ita magabata ke gane shigar Azahar da La'asar kafin zuwan agogo.

Shin ko kun san yadda ake sa yaro ya ji dogon barcin a jikinsa? A sa shi ya yi tsalle, ya dafa ƙirji, ya ji zuciya na dakan lugude. Sannan kowa ya kwanta a ƙarƙashin tebur da aka lulluɓe da bargo, malama ta riƙa tafi sau ɗaya duk bayan daƙiƙa 12. Wannan ne bugu 5 a minti. Tsakanin tafi da tafi yara kan ƙosa, su fara tambaya ko ta manta ne.

Shin ko kun san cewa igiya na nuna girman ramin fiye da kowane hoto? A shimfiɗa mai mita 10 a tsakar makaranta, yara su taka su ƙirga sawu, ko su kwanta kai da ƙafa a ga mutum nawa za su cike ta.

Shin ko kun san cewa a kan rarraba hotunan dabbobi gida uku? Masu barci, masu ƙaura, da masu zama su jure. Daga nan yaro ke gane cewa matsala ɗaya ce, rashin abinci a hunturu, amma kowace halitta da dabararta.

Shin ko kun san cewa darasi mafi tsada sai bayan biki yake zuwa? Mako 6 kwana 42 ne, wato zuwa tsakiyar Maris. Kullum da safe yaro ɗaya ya leƙa taga, ya karanta ma'aunin zafi, ya zana rana ko gajimare ko dusar ƙanƙara a kalanda. A ƙarshe a zauna a yi wa Phil hisabi. Tarihi ya nuna ya ga inuwarsa fiye da sau 100, bai gan ta ba kusan sau 20 kawai, kuma da masana yanayi na gwamnatin Amurka suka gwada hasashensa da abin da ya faru, bai ci ko rabi ba. Yaro ya koyi cewa shahara daban, gaskiya daban.

A WAJENMU FA?

Shin ko kun san cewa muna da mai dogon barci namu? Gaiwa ce. Idan fadama ta ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta riƙa shaƙar iska ta wata 'yar kafa, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Sanyi ke kwantar da kuregen Amurka, fari ke kwantar da gaiwa.

Shin ko kun san cewa mai hasashenmu ta fi nasu hujja? Shamuwa kan yi rabin shekara a kudancin Afirka, ta dawo ta yi sheƙa a garuruwanmu gab da faɗuwar damina, domin ruwa da farar da yake fitarwa take bi. Duk malamin da ke da alli da kalanda zai iya sa yara su rubuta ranar da suka fara ganin ta, su rubuta ranar ruwan fari, su ƙirga kwanakin da ke tsakani. Idan aka ajiye takardar, 'yan ajin baɗi su yi nasu su kwatanta, makarantar ta fara tara bayanan yanayin garinta ke nan.